Koriyar Rigar Uwar Maɓalli

A layin nan, in aka kalli shiri a talabijin aka tashi, ba mai cewa ya yi kyau ko bai yi ba sai an ji ta bakin Alƙaliya. Ba ta taɓa zaman kotu ba, ko inda ƙofar kotu ta kalla ba ta sani ba. Tela ce, kuma makauniya. Amma ita ke yanke wa talabijin hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Tun tana da idonta bakin ya yi suna. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, sai wani madubi mai lanƙwasa da ke ƙara wa mace jiki in ta tsaya dama, ya rage mata in ta matsa hagu. Alƙaliya ta san inda take tsayar da kowace. Mace za ta shigo da yadinta ta ce a yi mata irin na wance da ta gani a wasan kwaikwayo, sai ta zagaya mata tef a ƙugu, ta duba, ta ce, "Yadin dai ya yarda. Jikin ne ban ji ta bakinsa ba." A fita da fushi, a rantse an bar shagon, biki na matsowa a dawo, don babu mai zaunar da wuyan riga kamarta.

Mijinta direban babbar mota ne. Ya rasu da sauran ƙuruciyarsa, ya bar mata 'ya ɗaya da tulin tsofaffin tayoyi a bayan gida. A ƙarƙashin teburin yanka yarinyar ta yi rarrafe, a nan ta haɗiye maɓallin rigar wata malamar makaranta. Aka yi ta gadin fo har maɓallin ya fito, Alƙaliya ta wanke shi tas ta mayar da shi jikin rigar mai shi, kuma har malamar ta yi ritaya ba ta san inda maɓallinta na uku ya je yawo ba. Daga ranar sunan yarinya ya ɓace, ta koma Maɓalli.

Ƙafarta ba ta kai feda ba uwar ta ɗora ta a kan keke. Ita tana takawa, yarinyar na riƙe da yadi a cinyarta. Koyarwar babu lallashi. In ɗinki ya karkace, ba faɗa, ba duka, allura kawai za ta miƙa mata ta ce, "Farke." Maɓalli ta farke riguna da yawa tana kuka kafin ta gama guda ɗaya da uwar ta shafa ta yi shiru. Shirun nan shi ne yabon.

Sai ciwon suga ya zo ya fara karɓar idon kaɗan-kaɗan, kamar mai jin kunya. Ramin allura ya fara tafiya, sai layin alli, sai fuskokin mutane. Ta sayar da keke ɗaya, ta kai ɗayan gida ta lulluɓe da zane. Maɓalli ta tafi babban birni ta kama aiki a shagon wata Madam, irin shagon nan mai ƙofar gilas da ba a tambayar farashi a cikinsa. A daidai lokacin auren ƙanwar Alƙaliya na uku ya mutu, mutuwar da ba wanda ya yi wa kuka, ta kwaso akwatinta ta dawo gidan yayarta. Auta ake ce mata, ko da yake furfura ta riga ta sauka. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta zama idon.

Yadda suke kallo sana'a ce mai zaman kanta. Kujera ce mai cin mutum biyu, Alƙaliya a dama, Auta a hagu, hannun Auta a kan gwiwar yayarta. Magana dai Alƙaliya na ji da kunnenta, kuma wanda ya maimaita mata zai sha baƙa. Aikin Auta shi ne abin da ba ya ƙara: wa ya shigo, wa ya laɓe bayan labule, wa ya yi murmushi bayan an juya masa baya. In mutum na magana fuskarsa na ƙaryata shi, sai ta matsa gwiwar. Amma kafin komai, tufafi.

"Me ta sa?"

"Doguwar riga, ruwan toka."

"Wuyan fa?"

"A rufe, har maƙogwaro."

"Hannun?"

"Ya matse, Yaya."

"To ita ta zuba gubar. Mace ba ta shaƙe wuyanta haka a cikin gidanta sai da dalili."

Kuma sau da yawa ita ɗin ce ta zuba.

Da yamma maƙwabta ke shigowa, mai kitso da matar mai katifa su ne ba sa fashi. Suna cewa kallo suka zo, alhali kowace da talabijin a gidanta. Sharhi suke zuwa ji. Aka nuna marainiyar da ke kwana a kicin tana shan wahala, Auta ta ce rigarta fes take, Alƙaliya ta ce, "Wa ke yi mata guga, kyankyasai?" Aka nuna shirin masunta, mai bayani na magana ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ka ɗaga murya, bawan Allah, kifin ba barci yake ba." Shirin nan da ake kulle samari da 'yan mata a gida ɗaya ana ɗaukarsu da kyamara kuwa, cewa ta yi an tara marasa aikin yi, mu marasa aikin yi muna kallo, bambancin kawai su ana ciyar da su. Namun daji ne kaɗai ba ta taɓa kamawa da ƙarya ba, su ma ta ce don ba a ba su makirufo ba ne.

Kowace Lahadi da hantsi gidan talabijin na buɗe layi masu kallo su kira su faɗi ra'ayinsu kan shirye-shiryen mako. Alƙaliya ta haddace maɓallan wayarta da yatsa, ba ta neman taimakon kowa. Mai gabatarwa, wani saurayi mai murya kamar an shafa mata mai, da ya ji ta sai ya ce, "To, 'yan wasa a gyara zama, Mama Alƙaliya ta shigo kotu." Bai san ba ta gani ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, ba a tambaye ta ba ne, kuma a wurinta abin da Auta ta gani ita ta gani. In ta ce, "Na ga yadda ya kalle ta," har ranta haka take nufi.

Ana nan sai aka fara gasar teloli, irin wadda ake sallamar mutum ɗaya kowane mako yana kuka yana gode wa waɗanda suka kore shi. Maɓalli ta shiga. Alƙaliya ta tara maƙwabta ta ja musu kunne kada wanda ya fasa cewa 'yarta ce. "In aka sani, za a ce alƙali ya ci hanci. Ku bari a gama." Duk Lahadi tana kira tana wanke 'yan gasar ɗaya bayan ɗaya, tata 'yar ma ba ta tsira ba. "Siririyar nan tana da hannu, amma tana gaggawa a kalmasa. Da a shagona ne, farkewa za ta yi." Ta ajiye waya tana murmushi har kunne.

Da Maɓalli ta kai zagayen ƙarshe, uwar ta ce za ta je ta zauna a cikin 'yan kallo, ko ba ta gani ba za ta ji ƙarar keken.

"Mama, ba sa barin 'yan uwa su shiga," in ji Maɓalli a waya. "Doka ce."

"Dokar banza. To ki kula da kalmasa."

Ran ƙarshe, Lahadi da yamma, falon ya cika har bakin ƙofa. Mutum biyu suka rage, Maɓalli da wani saurayi. Aka ce kowa ya ɗinka wa mutumin da ya fi kowa a rayuwarsa. Saurayin ya ɗinka wa mahaifinsa da ya rasu, aka turo rigar a jikin mutum-mutumin katako irin na shaguna, Auta ta zayyana ta tun daga wuya har ƙasa, Alƙaliya ta ce aljihun ya yi ƙasa da yawa amma Allah ya ji ƙan mai ita.

Sai muryar Maɓalli. "Ni uwata na ɗinka wa. Wadda ta tsaya min lokacin da ba ni da kowa. Duk abin da na zama, ita ce."

Nan take masu shirin suka saki irin kiɗan nan da suke sakawa don a yi kuka, wanda ke cinye kowace magana, ga tafi kamar ruwan sama a kan kwano. Alƙaliya ta ji hannun Auta ya bar gwiwarta. Falon ya yi tsit. Mai kitso da ba ta iya rufe baki ko a gidan rasuwa, ita ma ta yi gum.

"Mutuwa kuka yi? Auta, me ake yi?"

Hannun ya dawo, da ɗan gumi. "An turo rigar, Yaya. A jikin katako, kamar ta saurayin."

"Launi?"

"Koriya. Kore mai duhu, da aikin zare ruwan zinariya a wuya."

"Ita fa?"

"Ta rungume ta. Tana kuka."

"Katakon ta rungume? Sakarya." Alƙaliya ta gyara zama. "Faɗin fa?"

Auta ta sake duba allon. "Tana da faɗi sosai."

"Kun ji yarinyar nan. Ta manta suga ya tsotse ni, har yanzu da tsohon awona take aiki." Ta yi dariya tana share ido da bakin ɗankwali. Alƙalan gasa suka ce rigar ta zauna daram, ta ce a jikin katako komai ma zama yake, a bari ta zo jikin mai ita a gani. Aka ce Maɓalli ta ci. Maƙwabta suka yi murna wata iri, gajeriya, kowa ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Satin nan kaf Alƙaliya rigarta take jira. Ta sa mai kitso ta yi mata sabo, ƙanana, irin wanda ke ɗaukar yini. Ta sa Auta ta zazzage akwati a nemo ɗankwalin da zai shiga da kore. Ita da ba ta fita sai asibiti, ta kama hannun Auta suka taka layin daga farko har ƙarshe, ta tsaya a shagon mai katifa ya taya ta murna, ta tsaya wurin mai gyaran fanka ta ce masa ya shirya idonsa, ranar da rigar ta iso sai ya nemi tabarau. Kowa ya ce Allah ya kawo ta lafiya, kowa ya yi saurin sako zancen zafin gari. Maɓalli ta kira a gurguje ta ce rigar tana hannun gidan talabijin tukuna, suna ɗaukar hotuna.

Ran Laraba aka maimaita shirin. Ana zuwa kan saurayin nan mai aljihu, talabijin ta mutu.

"An ɗauke wuta," in ji Auta.

Alƙaliya ta karkata kai. "To firij ɗin da nake ji yana gurnani a kicin, da gawayi yake aiki?"

"Layin falo ne ya faɗi, Yaya."

Ta bar zancen. Wanda ke cikin farin ciki ba ya bin diddigi.

Ran Lahadi da safe wayarta ta ɓata. Aka duba ƙarƙashin filo, aka duba bayan kujera, Auta na ta cewa a haƙura sai wani makon. Alƙaliya ta sa matar mai katifa ta kira lambar, sai ga waya na kuka a cikin tukunyar da ba a girki da ita, can saman kabad.

"Ikon Allah, wayata ta koyi hawan kabad," in ji Alƙaliya. "Auta, kishi kike yi? Yau zan faɗa wa duniya ni na haifi mai kofin nan. Ke da ba ki haifa ba, sai ki haƙura ki ara."

Da wasa ta faɗa, irin wasanta mai ƙaya. Auta ta haɗiye, ta miƙa mata wayar.

Layin ya shiga. Mai ɗaukar kira ya gane muryarta, ta ce masa yau da albishir ta zo, ya ce ta riƙe, mutum ɗaya ne a gabanta. Ta zauna da waya a kunne, da sabon kitsonta, mai kitso da matar mai katifa na zaune a ƙasa, Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin.

Wanda ke gabanta wani dattijo ne mai jan magana. Ya ce shi ba ya kallon ɗinki, matarsa ce ta ƙwace rimot, amma wallahi ranar sai da ya yi ƙwalla.

"Ina ne ya taɓa ka, Baba?" in ji mai gabatarwa.

"Inda mahaifiyarta ta fito sanye da koriyar rigar nan. Mace mai cikar jiki, da tabarau mai ruwan zinariya, tana saukowa daga matakala ɗai-ɗai kamar ita ta gina wurin. Ta ɗaga hannun rigar ta duba ɗinkin da idonta, ta gyaɗa kai, sannan suka rungume juna. Na ce wa matata, kin ga uwa. Da ganin wannan ka san inda yarinyar ta gado."

"Gaskiya ne, Baba, hoton nan ya zaga ko'ina."

Alƙaliya ta san tabarau ɗin. Maɓalli ta sha ba ta labarinsa, yadda Madam ke sauke shi kan hanci in za ta yi faɗa. Ta miƙa hannunta na hagu ta shafa kujera inda Auta ke zama. Ba kowa.

"To, 'yan wasa a gyara zama. Mama Alƙaliya, an ce yau da albishir kika zo mana."

Ta gyara murya. Abin da za ta faɗa tun Litinin ta tsara shi, har da labarin maɓallin malama. Kalma biyu za ta yi, gobe duk garin ya san wace ce Madam, wace ce Maɓalli.

"Albishir ya fasa zuwa, ɗana. Ra'ayi dai yana nan. Yarinyar ta iya ɗinki, kuma ba a kanti ta sayo hannun nan ba. Uwar kuwa, wanda ya zaɓo ta ya iya zaɓe. Na ji an ce ta cika allo."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Zaɓe kuma, Mama? Ai ba a zaɓen uwa."

"Da haka nake ji ni ma."

Ta kashe wayar. Ta ji maƙwabta na laluben takalma, ɗaya har ta saka na ɗaya, ba wanda ya yi sallama.

"Auta. Zo ki zauna a wurin aikinki."

Kujera ta lotsa.

"Ki faɗa min abin da aka nuna. Daga farko."

Auta ta faɗa, tana jan hanci. Matakala, tabarau, rungumar, yadda Madam ta share wa Maɓalli hawaye da babban yatsa.

"An yi rubutu a ƙasan allo?"

"An yi."

"Me aka rubuta?"

"Mahaifiyarta."

"Su wa suka gani?"

"Kowa, Yaya."

"Mai katifa da ya taya ni murna. Mai fanka da na ce ya nemi tabarau. Ita wannan da ta yini a kaina tana min kitso, tana tambayata wane ɗankwali zan ɗaura." Ta taɓa kitson. "Kin ja ni a layin nan kamar akuyar da aka yi wa ado, kowa na kallo, ni kaɗai ke wage baki."

"Tausayinki na ji. Na ga fuskarki lokacin da ta ce uwata, na kasa."

"Suga ya cinye min ido, na yarda, ciwo ne, ba shi da hankali. Ke wa ya aiko ki?"

"Yaya..."

"Sau nawa?"

"Wallahi wannan ne kawai."

"To ta yaya zan sani?"

Alƙaliya ta jingina da kujera, shekarun da suka yi a kanta suka riƙa dawo mata ɗaya-ɗaya. Duk hukuncin da ta yanke a gidan talabijin, duk wanda ta ce ta ga ya yi murmushin mugunta, duk gwiwar da aka matsa. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Matar nan mai rigar toka, da gaske wuyan a rufe yake?"

Nan Auta ta fashe da kuka sosai.

Da la'asar Maɓalli ta kira. Wani ya riga ya kai mata rahoto, don da kuka ta fara. Masu shirin ne suka ce suna son wadda za ta iya saukowa daga matakala ita kaɗai, ga fitilu, ga wayoyi a ƙasa. Madam ce ta biya mata komai na gasar, kuma ita ta ce za ta fito. Rubutun ƙasan allo ba ita ta yi ba.

"Na ji," in ji Alƙaliya. "Bakin da ya ce uwata fa, shi ma su suka rubuta?"

"Mama, ke nake nufi a zuciyata."

"Zuciya ba ta fitowa a allo, 'yar nan. Dokar hana 'yan uwa shiga fa, wa ya kafa ta?"

Kukan Maɓalli ya ƙaru.

"Kalmasar ta yi kyau?"

"Ta yi, Mama."

"To madalla." Ta kashe.

Abin da ya ba layin mamaki, fushin bai tafi birni ba, a gida ya zauna. In aka ambaci Maɓalli, sai ta ce yarinya ce, birni ya ba ta tsoro. Auta kuwa ta koma kamar kujera. Tana dafa shayi, tana jera magani, tana auna suga da safe, in ta faɗi abin da na'ura ta nuna sai Alƙaliya ta ce a kira mai kitso ta duba. Ba ta kore ta ba, ba ta ƙara yi mata gorin haihuwa ba, abin da ta daina kawai shi ne yarda. Kujerar mai cin mutum biyu ta koma cin uku, Auta a hagu, mai kitso a matse a dama tana zufa. Auta ta ce an shigo da wuƙa, Alƙaliya ta juya dama ta ce, "Haka ne?" Mai kitso ita ma ta yi ƙaryar, kowa ya sani, amma Alƙaliya ta ce ƙaryar maƙwabta dama ba ta taɓa cire rai da ita ba.

Gidan talabijin kuwa ba ta sake kira ba. Mai gabatarwa ya yi cigiyarta makonni kaɗan, daga baya ya samu wani tsohon ɗan sanda mai zagin kowa, ya naɗa shi. Da matar mai katifa ta ce mata ana kewarta, cewa ta yi, "Alƙalin da ba ya iya rantsewa a kan shaidarsa, gida ya kamace shi."

Rigar ta iso wata safiya, a cikin kwali mai santsi, direban Madam ne ya kawo. Ya ce an ce ya jira ya ga ta saka, ya ɗauki hoto. Ta ce ya samu wuri ya zauna.

Ta buɗe kwalin a cinyarta. Turare ne ya fara tarbarta, mai tsada, an wanke an goge amma ya ƙi fita. Ta bi wuyan da yatsa, ta bi kafaɗa, ta sauka kalmasa ta daɗe a wurin. Ba gaggawa ko kaɗan. Ta yi shiru, irin shirun nan na da. Sannan ta juya rigar ta ciki, ta shafa gefe. Ga sabon ɗinki, ga tsohon can nesa da shi, yadi mai yawa a naɗe a tsakani. An rage ta. An rage da kyau, daidai awon jikinta na yanzu, wanda ke nufin yarinyar ba ta taɓa mantawa ba.

"Auta, ba ni allura."

"Yaya, ki gwada mana tukuna."

"Allura na ce."

Farkewa ba ta buƙatar ido. Ta sa bakin allura a ƙarƙashin zaren farko ta ɗaga, ta ja, ta wuce na gaba. Daga hammata har ƙasa, gefen dama, sannan na hagu. Direba ya sha shayi, ya duba agogo, ya fita ya dawo. Mai kitso ta shigo ta tsaya tana kallo. Zare ya taru a cinyar Alƙaliya kamar gashin da aka taje. Da ta gama ta kama kafaɗun ta girgiza, rigar ta buɗe ta koma faɗinta na asali, wanda zai ci irinta biyu.

Ta ninke ta yadda take ninke kayan mutane a shago, hannu a ciki, wuya a sama, ta mayar cikin kwali.

"Ɗana, ka mayar wa mai ita. Ka ce wa telar, aikinta ya yi kyau, kada ta sake ɓata shi don wani."

"Hoton fa, Mama?"

"An riga an ɗauka. Ka tambaya, ya zaga ko'ina."

Ya miƙo hannu zai karɓa, ta riƙe kwalin, ta sake zura yatsu ta shafa wuyan.

"Auta. Wane launi ne?"

"Kore, Yaya. Kore mai duhu."

Alƙaliya ta juya fuskarta wajen mai kitso.

"Haka ne?"